An kawo mana takardar muhalli a masana'anta, ina neman shawararku

Abban Sadiq:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah ina neman shawara musamman daga waɗanda suka daɗe a harkar fata. Muna da ƴar ƙaramar masana'antar jima a Challawa nan Kano, duram uku ne kacal, fatar awaki da ta tumaki muke yi mu kai ta matakin wetbulu, wato fatar da aka jeme da sinadarin kurom ta yi shuɗi-shuɗi, mu sayar wa manyan kamfanoni. Satin da ya wuce aka kawo mana takarda wai mu gabatar da rahoton odit na muhalli tare da sakamakon gwajin ruwan da muke zubarwa, kuma an sa wa'adi. Maigidan baya ƙasar, ni ya bar wa komai. Na samu mutum biyu masu wannan aikin. Na farko ya ce in turo masa sunan kamfani da adireshi da hoton bakin get, cikin sati ɗaya zai kawo min rahoto ɗaure da bango mai kyau, ba sai ya zo ba. Na biyun ya ce shi sai ya zo ya zagaya ya ɗebi ruwa ya kai ɗakin gwaji, kuɗinsa ya ninka na farkon, kuma tun a waya yake gaya min in shirya akwai gyare-gyaren da za su biyo baya. Ga dizal ga kuɗin wuta ga albashin yara a kaina. Wanne zan ɗauka?

Alhaji na Bompai:
Wa alaikumus salam. Yaro ɗauki na farkon ka huta. Tun kafin a haifi wasunku muke cikin wannan harkar, takarda ake nema, takarda za ka bayar. Na biyun nan in ka bari ya shigo maka gida sai ya rubuto maka gyaran da ko ka sayar da duram ɗin uku ba za su biya ba.

Ɗan Panshekara:
Haba Alhaji. Da girmanku? Mu da muke kwana da warin nan fa? In iska ta juyo da asuba ko ƙofa ba ma iya buɗewa, ƙarfen taga da na rufi duk sun ci tsatsa, ƴan kunnen matanmu na azurfa baƙi suke yi. Amma shawarar da za a bayar kenan a rubuta ƙarya a miƙa?

Alhaji na Bompai:
Ban ce a yi ƙarya ba, na ce a yi abin da ƙarfi zai iya. Ka ƙirga masana'antun da suka rufe a Bompai da Sharaɗa ka gaya min mutum nawa suka rasa abinci. In aka rufe ta Abban Sadiq yaran unguwarku ne za su zauna a gida ba nawa ba.

Shugaban guruf:
A yi a hankali don Allah. Injiniya Maman Hanif kina kusa? Wannan fagenki ne.

Injiniya Maman Hanif:
Ina nan, ina hanya ne. Abban Sadiq sannu da ƙoƙari. Baba Alhaji ku yi min haƙuri zan saɓa muku a nan, ba don ban san halin da masu masana'anta ke ciki ba.

Farko dai a bambance abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai nazarin tasirin aiki ga muhalli wanda ake yi KAFIN a gina masana'anta ko a faɗaɗa ta, wannan dokarsa tun 1992 take, kuma ma'aikatar muhalli ta tarayya ce ke kula da shi. Sai kuma odit, shi wannan na masana'antar da ta riga ta fara aiki ne, duk shekara uku ake yinsa a kai wa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007. Ku masu jima da masu masaƙa da masu takalma ma akwai ƙa'idojin da aka fitar muku na musamman a 2009, a ciki aka rubuta iyakar abin da ya halatta ya fita a ruwanku. To abin da aka nema a wajenka odit ne.

Shi na farkon da ya ce ba sai ya zo ba, ka tambayi kanka daga ina zai samo lambobin gwajin ruwa? Daga rahoton wani kamfanin zai kwafo ya canja suna. Na sha ganin irinsu, na taɓa buɗe rahoton wata majema na tarar a shafi na tsakiya ana bayanin tukunyar dafa shinkafa, saboda daga na kamfanin casar shinkafa aka kwafo aka manta ba a goge ba. Ranar da jami'i ya zo ya ɗebi nasa ruwan a lambatunka ya gwada, lambobinsa da naka suka sha bamban, ba mai rubutun za a kama ba, sa hannunka ne a jiki. Kuma kafin ka ba kowa kuɗi, har na biyun, ka ce ya nuna maka shaidar cewa hukumar ta tantance shi, don rahoton wanda ba a tantance ba ana iya dawo maka da shi.

Abban Sadiq:
Na gode Hajiya. Amma gaskiya tsorona shi ne gwajin. Na san ruwanmu ba zai ci jarrabawa ba, ni da nake ganinsa kullum. Wani lokaci baƙi wani lokaci shuɗi-shuɗi. In na kai sakamakon da hannuna ai na kai kaina ƙara kenan.

Injiniya Maman Hanif:
Ba wanda zai yarda cewa ƙaramar majema mai duram uku da ba ta da wurin tace ruwa tana fitar da ruwa mai tsafta, jami'an hukumar ma sun sani. Amfanin odit ɗin shi ne ya ce ga inda muke, ga abin da za mu gyara cikin wata uku, ga na wata shida, ga na shekara, ga wanda zai yi, ga kuɗin. Wannan jadawalin shi ne zuciyar rahoton, shi kake nunawa in an dawo, ka ce ga abin da na yi alkawari ga wanda na cika. Mai rahoton ƙarya ba shi da abin nunawa, tunda a takarda ya ce komai lafiya lau.

Bari in tambaye ka, ruwan cire gashi da ruwan kurom hanya ɗaya suke bi?

Abban Sadiq:
E lambatu ɗaya ne, duk su zuba a rami ɗaya a bayan shago kafin su fita.

Injiniya Maman Hanif:
Innalillahi. To ka bar maganar takarda tukuna, wannan maganar rai ce. Ruwan cire gashi akwai farar ƙasa da sodiyam salfaid a ciki. Ruwan da ake jiƙa fata kafin kurom da shi kansa ruwan kurom ɗin kuma asid ne. In suka haɗu iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai take tashi, ita ce Ɗan Panshekara ke shaƙa, ita ce ke baƙanta azurfa. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi don haka a ƙasan rami take kwanciya, kuma mugun abin da ke tattare da ita in ta yi yawa hanci daina jin warin yake, mutum ya ɗauka ta wuce. Lebura ya sauka yasar rami ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ya ciro shi shi ma ya faɗi. A majemu na ƙasashe da dama an yi ta rasa rayuka ta haka. Don girman Allah daga yau kar ka bar kowa ya shiga ramin nan, a yashe shi daga sama da doguwar shebur ko famfo.

Abban Sadiq:
Subhanallah. Akwai wani yaro da ya taɓa fitowa yana jiri yana amai muka ɗauka rana ce ta buge shi, aka ba shi madara ya kwanta.

Anti Nas:
Allah ne ya tsare. Madara ba ta maganin wannan, in ya sake faruwa a fito da mutum fili inda iska ke kaɗawa a garzaya asibiti, kuma a gaya wa likita ainihin inda yake aiki. Mu a asibiti abin da ke ba mu wahala kenan, a kawo mutum da gyambo a hannu da ya ƙi warkewa ko tari, sai an yi ta tambaya kafin a ce ai a kamfanin fata yake. Safar hannu da rambut nawa suke fisabilillahi?

Kuma Alhaji, ni duk lokacin da aka ce takarda ce kawai sai Zamfara ta faɗo min. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Yargalma da Abare, saboda gubar dalma. Iyayensu ba mugaye ba ne, neman halak suke, suna daka dutsen zinare a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce musu ƙurar nan guba ce ku fitar da niƙan bayan gari. Bagega sai a 2013 aka samu aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar. Ban ce kurom da dalma ɗaya ba ne, amma yadda ake sakaci har abu ya girma iri ɗaya ne.

Alhaji na Bompai:
Allah ya jiƙan yaran nan. Ni ban ƙi a kare rai ba ƴata. Maganar rami na yarda. Abin da nake faɗa wurin tace ruwa cikakke ba aikin mai duram uku ba ne. Injinan hura iska ne da sai sun kwana sun wuni suna aiki, da wace wutar? Janareta za ka tayar wa dagwalo alhali duram ɗinka ma da ƙyar kake juya shi? Su masu rubuta doka a ofis sun taɓa sayen dizal da kuɗin aljihunsu?

Injiniya Maman Hanif:
Baba a nan gaskiyarku ce, kuma duk kwansoltan ɗin da ya zo wa ƙaramin kamfani ya fara da zanen katafaren wurin tacewa bai taimake shi ba, ya dai rubuta abin da ba za a taɓa ginawa ba. Ni ba daga nan nake farawa ba. Daga abin da bulo da siminti da ɗan fayif za su iya nake farawa.

Raba hanya uku. Ruwan salfaid hanyarsa daban da raminsa, ruwan kurom daban, ruwan wanki da sauran tarkace daban. A bakin kowace hanya a sa raga ta ƙarfe ta tare gashi da tsoka da kitse, yaro ɗaya ya riƙa kwashewa safe da yamma, wannan kaɗai yana rage ƙazantar da ke fita sosai. Gishirin da ke jikin fata a kakkaɓe shi a busashe a tara kafin a jiƙa, don gishiri in ya narke a ruwa ba ramin da zai cire shi, kuma shi ne ke kashe gona. A sa mita a bakin rijiyar burtsatse a riƙa rubuta abin da aka sha kullum a littafi, za ka sha mamakin ruwan da ke tafiya a banza don an bar tiyo a buɗe ana wanki, kuma duk litar da ka ja da dizal ka ja ta.

Sai babbar maganar, kurom. A jima irin wadda aka saba, kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na kurom ɗin da ka zuba ne ke kama fata, sauran shi ne shuɗin da kake gani yana bin lambatu. Kuɗinka ne wannan, da dala aka shigo da shi. In ka tara ruwan a tanki shi kaɗai, ka tace, ka zuba hodar magnisiyam oksaid ka juya ka bar shi ya kwana, kurom ɗin zai kwanta a ƙasa kamar yadda gasara ke kwanciya, ka tsiyaye na saman, na ƙasan a narkar da shi da asid a mayar duram a haɗa da sabo. Ba sabuwar fasaha ba ce, ƙananan majemu a Indiya sun daɗe suna yi. Tanki biyu ne da famfo da mutum ɗaya da aka koya wa aiki da asid cikin kiyayewa. Shi ya sa na ce raba hanyar ne farko, in ruwan ya gauraya da na salfaid da kitse ba abin da za ka iya cirowa.

Abban Sadiq:
Wannan ita ce maganar da zan iya kai wa maigida ya saurare ni. In na ce masa muhalli cewa zai yi a lallaɓa, in na ce buhun kurom zai ragu zai tsaya ya ji. Amma fatar ba ta lalacewa da wanda aka maimaita? Kwastomominmu ba sa wasa da launi.

Ɗalibi a Samaru:
Yallaɓai in an auna shi daidai ba ta lalacewa, matsalar daga aiki da ka take zuwa. Sai an san ƙarfin ruwan da aka dawo da shi kafin a san sabo nawa za a ƙara. Ku fara da fatu kaɗan ku kwatanta da na kullum kafin ku zuba duram guda. A nan Zariya akwai cibiyar binciken fata ta tarayya, NILEST, aikinsu kenan, ni ban ga dalilin da mai majema a Kano zai zauna yana lalube ba alhali tafiyar awa biyu ce zuwa uku.

Wani abu kuma da ban ga an taɓo ba, ɓarɓashin wetbulu da ake askewa. Don Allah a daina ƙona shi. Kurom ɗin da ake jima da shi mai lamba uku ne, haɗarinsa da sauƙi, amma in aka ƙona shi yana iya rikiɗewa ya koma mai lamba shida wanda ke jawo cutar kansa da gyambo. Kuma tun 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jiki in mai lamba shidan ya kai miligiram 3 a kilo. Manyan da kuke sayar wa, Italiya da Sifen suke kaiwa, masu sayensu suna tambayar daga ina fatar ta fito kuma yaya aka jeme ta, wata rana tambayar za ta gangaro har kanku.

Manomin Tamburawa:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Ni ba ni da ilimin kemikal, manomin rani ne, tumatir da albasa da alayyafo. Abin da na sani shi ne ruwan Sharaɗa ta Salanta yake biyowa ya faɗa kogin Challawa, na Challawa ma nan yake zuwa, mu kuma muna ƙasa. Da damina ba ka ganewa sosai don ruwa ya yi yawa. Amma daga watan biyu zuwa na huɗu in kogi ya ja baya, wata safiya za ka zo ka ga kumfa a bakin tiyon injin, ka ba kwami ruwa kwana biyu ka ga gefen ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta, in ƙasar ta bushe ka ga fari-fari a sama. Ƙafafuna in na cire takalmi ba za ku so gani ba. Kuma kayan nan da muke nomawa ba mu kaɗai ke ci ba, kasuwa muke kaiwa, Alhaji wataƙila salak ɗin da aka yanka muku jiya daga irin wurarenmu ya fito, ko daga na ƴan'uwanmu da ke ban ruwa da Jakara da Getsi inda na Bompai ke zuba har ya tafi dam ɗin Wasai. Ba ma so a rufe kamfanin kowa, ƙanena ma a can yake aiki. A daina sakin ruwan da daddare kawai a yi mana adalci.

Alhaji na Bompai:
Malam na ji maganarka kuma ta taɓa ni. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙi. Amma ka ga ko Abban Sadiq ya yi duk abin da Injiniya ta faɗa, in maƙwabcinsa bai yi ba kai dai ruwan da za ka gani kenan. Shi ya kashe kuɗi, maƙwabcin ya sayar da fata da araha ya ƙwace masa kwastoma. Wannan fa? Shi ya sa tun da can muke cewa gwamnati ta yi wurin tacewa guda ɗaya babba kowa ya zuba a ciki ya biya gwargwadon nasa.

Yaya Injiniya daga Indiya:
Baba bari in sa baki a nan don na ga irin wannan da idona lokacin karatu. Wurin tacewa na haɗaka shi ne mafita ga ƙanana, ba musu. A jihar Tamil Nadu majemun yankin Vellore sun lalata kogin Palar da rijiyoyin mutane har magana ta kai kotun ƙolin Indiya, a 1996 ta yanke cewa wanda ya ɓata shi zai biya, daga nan aka matsa wa masu majemu suka haɗu rukuni rukuni suna tafiyar da wuraren tacewa. Amma ko a can sharaɗin shi ne kowa ya fara cire kurom da tarkace a gidansa kafin ya tura, don ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazantar a babban wurin ba sa jure guba.

Ku kuma duba Bangaladash. Majemun Hazaribagh a tsakiyar Dhaka shekara da shekaru ana ce musu su tashi suna ja, a 2017 bisa umarnin kotu aka yanke musu wuta da gas, dole suka koma Savar. Suka je wurin tacewar haɗakar bai kammala yadda ya kamata ba, dagwalon da ke zuba a kogin Buriganga ya koma zuba a Dhaleshwari, manyan masu saye na Turai kuma suka ja baya, aka koma sayar da fata da arha. Wanda bai shirya ba ranar da hukunci ya zo ba a tambayarsa ko yana da kuɗin dizal. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Ɗan Panshekara:
To ai mu ma sai mu kai kotu kawai. An gaji da lallashi.

Manomin Tamburawa:
Ɗana kotu da kuɗi ake zuwa, kuma kafin a gama shari'a albasata ta shekara nawa ta ƙone? Ni in za su zauna da mu su gaya mana ranar da za su saki ruwa ma kaɗai, mu kashe injinanmu a ranar, an rage mana asara.

Injiniya Maman Hanif:
Baba wannan da kuka faɗa yana cikin abin da odit na gaskiya ke yi, ana zuwa a ji ta bakin maƙwabta a rubuta, a kuma ajiye lambar waya da littafin koke a bakin get. Sai dai ni ba zan tsaya a sanar da ranar saki ba, don ruwan in bai shiga gonarku ba ta wani zai shiga a gaba, ga kuma matatar ruwan sha ta Tamburawa a yankin.

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum mutanen Kano. Mu nan wajenmu da bagaruwa muka jima tun kakanni, fatar jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato da duniya ta sani ai da bagaruwa ta yi suna ba da kurom ba. Mi ya hana ku koma mata? Icce na nan ko'ina, mata na tsintowa su saida su samu na cefane. Mu ma nan in za ka buɗe babban aiki sai ka bi ta BNEE, ofishin duba tasirin aiki ga muhalli na Nijar, sun duba, ba ku ɗai ba ne ke da wagga doka.

Abban Sadiq:
Ɗan'uwa muna son bagaruwa, majeman Ƙofar Wambai har gobe da ita suke yi. Amma mai sayen wetbulu wetbulu yake so, fatar saman takalmi mai laushi da jure zafi kurom ke ba da ita, kuma kwana ɗaya ya isa a duram. In na koma bagaruwa sai na nemo wata kasuwar daban.

Ɗalibi a Samaru:
Kuma ko da bagaruwa aka yi, matakin cire gashi da gishirin suna nan, ruwanta ma in ya yi yawa a wuri ɗaya yana shaƙe kogi. Ta fi sauƙi dai nesa ba kusa ba, kuma akwai masu saye yanzu da ke neman fatar da ba kurom a ciki. Da ni ne zan ware duram ɗaya in gwada.

Alhaji na Bompai:
Injiniya tambaya ɗaya. An raba hanya, an tare gashi, an tsiyaye ruwa. Lakar da ta taru a ramukan ina za a kai ta? Don na san abin da ake yi, a loda a tifa da dare a juye a wani kududdufi ko bayan gari, wasu ma manoma ke roƙa a zuba musu a gona wai taki ne.

Injiniya Maman Hanif:
Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya Baba, kuma ita ma raba hanyar ce ke sauƙaƙa ta. Gashi da tsoka da lakar farar ƙasa da ba su taɓa kurom ba ana iya sarrafa su a yi taki bayan sun ruɓe sosai. Wadda kurom ya taɓa kuwa ba ta zuwa gona ko kusa, a shanya ta a dandamalin siminti mai rufi ta bushe ta ragu, a zuba a buhu a ajiye inda ruwan sama ba zai taɓa ba, a rubuta wa hukuma a nemi ta nuna wurin da ta amince a kai, a riƙe kwafin wasiƙar da rasit ɗin duk motar da ta ɗauka. In kana dawo da kurom ɗinka lakar ma ba za ta yi yawa ba. Kuma a nan ne ƙungiya ke da amfani, mutum ɗaya ya rubuta ba lallai a kula shi ba, amma majemu ashirin su sa hannu a takarda ɗaya su ce mun yi namu a nuna mana wurin zubarwa, maganar ta fi nauyi. Ku da ake jin maganarku Baba ku ne za ku iya tara su.

Alhaji na Bompai:
Tara ƴan kasuwa a kan abin da za su kashe kuɗi ba wasa ba ne ƴata. Zan dai taɓa mutum biyu uku in ji. Amma har yanzu ina kan bakana, in ba a matsa wa kowa daidai ba mai gaskiya ne zai sha wahala.

Abban Sadiq:
Na yi magana da maigida yanzu. Ya ce a kira na biyun amma a nemi ragi, kuma a raba biyan gida biyu, rabi in ya kawo sakamakon gwaji. Ramin kuma na sa an ɗora masa murfi an ɗaure, na gaya wa fomen duk wanda ya sauka a bakin aikinsa. Hajiya in na turo miki hoton lambatun ta akwatin sirri za ki iya nuna min inda birkila zai fara yankawa?

Injiniya Maman Hanif:
Turo, amma murfin kar ya zama an toshe ramin ruf, a bar masa hanyar shan iska ta sama nesa da inda mutane ke tsayawa. Ka ɗauko hoton tun daga ƙasan kowane duram har inda ruwan ke fita daga katanga. Kuma ranar da mutumin zai ɗebi ruwa ka tabbata ana cikin aiki ne, ba ranar da kuka wanke ko'ina kuka kashe duram ba, ya ɗiba lokacin sakin ruwan gashi ya kuma ɗiba lokacin sakin na kurom.

Manomin Tamburawa:
Ni ma in na ɗebo na bakin gonata za a iya gwada min? Nawa ne?

Injiniya Maman Hanif:
Za a iya Baba, kuɗin ya danganta da abubuwan da za a duba, ku gishiri da kurom da salfaid ne suka fi damunku. Ku haɗu ku biyar ko shida ku raba kuɗin. Kar ku ɗiba tukuna sai na tambayo ɗakin gwajin, don na ƙarafa da na salfaid kowanne da irin robarsa da maganin da ake ɗigawa a ciki, su za su bayar. A ɗiba da sassafe a daidai inda tiyon injinku yake sha, a rubuta rana da lokaci a jiki, a sa a cikin kula mai ƙanƙara a kai ɗakin gwajin a ranar. Ku turo min lambarku zan kira ku bayan la'asar.